Daga Silima Zuwa Falo: Tarihin Manyan Amfilifaya Da Gardamar Wacce Ta Fi

Mai karatu, idan ana hirar fim a majalisa, yawanci abin da ido ya gani ake tattaunawa: jarumi, kwalliyar jaruma, motoci, gidan da aka yi ɗauka. Da wuya ka ji wani ya tambayi ta ina murya ta bi kafin ta iso kunnen sa. Alhali kuwa ka kashe sautin fim ɗin Indiyan da ka fi so, ka gani ko za ka iya zaman awa uku a gaban sa.

Tsakanin faifai da lasifika akwai wani akwati da ba a cika kula shi ba, sunan sa amfilifaya. Aikin sa ɗaya ne tak. Siginar da ke fitowa daga faifai ba ta da ƙarfin da za ta motsa takardar lasifika, don haka akwatin nan ke jawo wuta daga bango, ya siffanta ta daidai da waccan 'yar siginar, amma da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. A rediyon ka da talbijin ɗin ka ma akwai shi, ɗan ƙarami a ɓoye. To amma akwai waɗanda ake ƙerawa su kaɗai, babu rediyo, babu wurin saka faifai, yawanci ko abin ƙara murya babu, sai makunni kawai. Wata nauyin ta ya fi buhun siminti, kuɗin ta ya fi na sabuwar mota. A kan waɗannan mu ke magana a wannan watan: ina su ka samo asali, me ya bambanta su, kuma shin kunne na jin kuɗin da aljihu ya biya?

Wayar tarho ta haife ta, silima ta raine ta

A 1906 wani Ba'amurke mai suna Lee de Forest ya ƙirƙiro wani ƙwan gilashi mai kama da ƙwan fitila, wanda masu gyaran rediyo ke kira bawul. Injiniyoyin kamfanin tarho na Amurka su ka inganta shi, har a 1915 aka iya yin magana ta waya daga New York zuwa San Francisco. Wato tun farko ba don kiɗa aka yi abin ba, don kada murya ta mutu a hanya ne.

Reshen ƙere-ƙere na wannan kamfani, Western Electric, shi ya kai fasahar gidan silima. Da na'urar sa aka nuna The Jazz Singer a 1927, fim ɗin da ya rufe babin finafinan bebaye a Amurka. Indiya ta biyo baya da Alam Ara na Ardeshir Irani a 1931. Lokacin da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, duniyar fim ta riga ta koma magana, kuma bawul ne ke yin aikin a ko'ina.

Abin mamaki, ƙarfin amfilifayar silima a wancan zamani bai taka kara ya karya ba. Shahararren bawul ɗin Western Electric mai lamba 300B, wanda ya fito a 1938, guda ɗaya kimanin wat 8 ya ke bayarwa. Amma ya na cika zaure, saboda lasifikokin silima manya ne masu siffar ƙaho, wuta kaɗan ta ishe su yin ƙara. Riƙe wannan, mai karatu, za mu dawo kan sa.

A dai 1927 ɗin, wani injiniyan kamfanin, Harold Black, ya na cikin jirgin fito a kogin Hudson zai tafi aiki, sai dabara ta faɗo masa, ya zana ta a jikin jaridar da ke hannun sa. Dabarar ita ce a ɗebi kaɗan daga abin da amfilifaya ta fitar, a maido shi mashiga a juye, domin na'urar ta riƙa gyara kuskuren kan ta. Mu kira ta dabarar waiwaye. Kusan duk gardamar da za ka ji nan gaba, a kan ta aka yi.

Zuwan tiransista

Bawul na da daɗin sauti, amma ya na da zafi, ya na da nauyi, ya na fashewa, kuma ya na tsufa kamar ƙwan fitila. A watan Disamba 1947, a ɗakin binciken Bell, John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley su ka fito da tiransista, ɗan mitsitsin abu mara gilashi da ke yin aikin bawul. An ba su kyautar Nobel a 1956. A shekarar ne kuma wani injiniya haifaffen ƙasar Sin, H. C. Lin, da ke aiki a kamfanin RCA, ya fitar da tsarin da ya ba tiransista damar tura lasifika ba tare da ƙatuwar tiransifoma a mafita ba.

Sai dai amfilifayoyin tiransista na farko sun sha zagi, kuma sun cancanta. Sinadarin jamaniyam da aka fara yin su da shi ba ya jure zafi, da sun ɗauki ɗumi sai su ƙone. Sautin kuma a bushe, mai soka kunne. Sai da aka koma silikon a shekarun 1960 sannan al'amari ya fara daidaita.

Shekarar 1967 ce manyan gidaje su ka sauka daga kan bawul. A Ingila, kamfanin Quad na Peter Walker ya fitar da samfurin 303, wat 45 kowane ɓangare. A jihar Indiana ta Amurka, Crown ya fitar da DC300, wat 150 kowane ɓangare, wadda ta zama jakar aikin situdiyo da dandalin wasa. Shi kuma McIntosh, wanda Frank McIntosh ya kafa a 1949, ya fitar da MC2505, wat 50, da baƙin gilashi a fuska da shuɗayen mitoci masu allura, alamar da ake gane shi da ita har gobe.

Daga nan aka shiga tseren wat. A farkon shekarun 1970 wani matashi, Bob Carver, ya fito da Phase Linear 700, wat 350 kowane ɓangare, a farashi mai sauƙi. A 1974 ƙungiyar mawaƙan Grateful Dead ta gina wani bangon lasifikoki a dandali, ta tura shi da McIntosh MC2300 har guda 48. Ƙananan kamfanoni kuwa su ka shiga zuga lissafi, kowa na rubuta wat ɗin da ya ga dama a jikin kwali. Abin ya yi ƙamarin da a 1974 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta kafa doka: duk mai tallar amfilifaya dole ya faɗi ƙarfin da za ta iya riƙewa a ɗore, da irin lasifikar da aka gwada ta da ita, da yawan gurɓacewar sautin.

Garin neman gira

Ana cikin haka, masu saurare su ka yi ta ƙorafi cewa ga alƙaluma masu kyau a takarda, amma kunne bai gamsu ba. A 1970 wani masani ɗan ƙasar Finland, Matti Otala, ya kawo bayani. Ya ce injiniyoyi sun cika wa na'urori dabarar waiwaye don su samu lamba mai kyau a ma'auni, alhali na'urar na da nawa. Idan sauti ya zo farat ɗaya, kamar dukan ganga ko harbin bindiga, kafin gyaran ya iso ɓarna ta riga ta wuce. An yi ta musu a kan girman matsalar, amma maganar ta shiga, kuma ita ta share wa sababbin maƙera hanya.

A nan sai ka fahimci abu ɗaya, wato rukunin A da rukunin AB. Ka ɗauka mutum biyu ne ke dakan sakwara, ɗaya ya ɗaga ɗaya ya sauke. A rukunin B, tiransista ɗaya ke tura takardar lasifika gaba, ɗaya ya jawo ta baya, kowanne na hutawa idan ɗan'uwan sa na aiki. Wurin miƙa hannun nan ake samun 'yar tangarɗa, kuma ta fi fitowa idan an rage murya. Rukunin AB na barin kowanne da 'yar wuta don miƙa hannun ya yi santsi. A rukunin A kuwa babu mai hutawa sam, ko ana kiɗa ko ba a yi, wuta na gudu. Tangarɗa ta kau, amma mafi yawan wutar da ka biya zafi ta ke zama.

Mark Levinson, wani makaɗi da ya kafa kamfani a jihar Connecticut a 1972, shi ya ɗauki hanyar A ba tare da jin kunya ba. A 1977, ana tsakiyar tseren wat, ya fitar da ML-2: wat 25 kacal, ɓangare ɗaya, sai ka sayi biyu kafin ka ji sitiriyo, kowacce na shan ɗaruruwan wat daga bango, jikin ta duk fukafukan ƙarfe masu zuƙe zafi. Mutane su ka ce hauka ne. Amma fa idan lasifika ta yi tauri, wato nauyin ta ya sauka daga om 8 zuwa 4, sai ƙarfin ML-2 ya ninka, ya kuma sake ninkawa a om 2. Nan aka gane cewa yawan wat daban, ƙarfin riƙe lasifika daban.

Nelson Pass ya kafa Threshold a California a 1974, sannan Pass Labs a 1991. Shi aƙidar sa sauƙi: a rage matakan da sauti ke bi, a rage waiwaye. Jerin sa mai suna Aleph ya yi suna da sauti mai taushi irin na bawul.

Sai kuma wanda zai fi burge masu kallon fim. A 1980 Dan D'Agostino ya kafa kamfanin Krell, kuma sunan daga fim ya samo shi. A Forbidden Planet na 1956, Krell wasu halittu ne da su ka gina wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa mai ƙarfin da ba shi da iyaka. Amfilifayar sa ta farko, KSA-100, wat 100 ce a rukunin A. Da kamfanin Apogee ya fito da lasifikar Scintilla mai saukowa har om 1, wadda ke durƙusar da yawancin amfilifayoyi, Krell na cikin 'yan ƙalilan da ke tura ta ko gezau.

Sauran duniya ma ba ta zauna ba. A Japan, 'yan'uwa biyu 'yan gidan Kasuga, waɗanda da su aka kafa kamfanin da ya zama Kenwood, sun fita su ka kafa Accuphase a 1972. A Ingila, Julian Vereker ya kafa Naim a garin Salisbury a 1973, ya fitar da NAP 250 a 1975, a shekarar da Quad ya fitar da 405 mai wat 100.

To wacce ta fi?

Idan ka jera su, za ka ga kowane gida da tambayar da ya ke amsawa.

McIntosh ya damu da ɗorewa da kariya. Ya bar wata irin tiransifoma a mafitar manyan amfilifayoyin sa, wadda ke sa a samu ƙarfi iri ɗaya ko lasifikar om 2 ce, ko 4, ko 8, tare da na'urar da ke hana sauti tsagewa idan an ƙure murya. Masu sharhi kan ce sautin sa natsattse ne, ba ya gajiyar da kunne. Krell akasin haka ya bi: babu shamaki, a saki wuta iya buƙatar lasifika, shi ya sa aka san shi da kaurin sauti mai dukan ƙirji. Mark Levinson ya nemi tsabta da tsantseni. Pass ya yarda da 'yar gurɓacewa mai daɗin ji idan dai hanya ta gajarce. Accuphase ya shahara da kyan ƙira da rashin hayaniya. Naim bai cika damuwa da yawan wat ba a farko, ya fi ba ɓangaren samar da wuta muhimmanci, magoya bayan sa kuma na cewa shi ke sa ƙafa ta riƙa bin kiɗa. Bryston na Kanada kuwa hujjar sa ita ce garantin shekara 20.

Duk wannan bayanin sauti, ka lura, daga bakin mutanen da ke kallon akwatin su na saurare ya fito. Mu kan ce gani ya kori ji. To a wannan fage, matsalar kenan.

Ranar da aka rufe ido

A 1985 Bob Carver ya ƙalubalanci mujallar Stereophile, wadda masu harkar ke ji da ita. Ya ce su zaɓi duk amfilifayar da su ke ganin ta fi kowacce, shi kuma zai sa tasa mai kimanin dala 700 ta yi sauti iri ɗaya da ita. Su ka zaɓi wata ta bawul ta kamfanin Conrad-Johnson mai tsadar dubban daloli. Carver ya shige ɗakin otel a garin Santa Fe da kayan aikin sa. Dabarar sa mai sauƙi ce: ya ba na'urorin biyu sauti ɗaya, ya haɗa mafitar su ta yadda abin da su ka yi tarayya a kai zai soke juna, bambancin kaɗai zai fito. Ya yi ta gyara tasa har bambancin ya kusa ɓacewa. Bayan 'yan kwanaki editocin su ka zauna su ka saurara, su ka kasa bambancewa, kuma su ka buga hakan a mujallar su. Wallahi sun yi ƙoƙari, ba kowa zai iya ba.

A watan Janairu 1987 mujallar Stereo Review ta buga wani gwajin. An tara masu saurare, aka jera amfilifayoyi tun daga wata Pioneer ta kimanin dala 200 har zuwa wata ta bawul ta dala 12,000, da Mark Levinson a tsakiya. Aka daidaita ƙarar su, aka ɓoye wacce ke aiki. Sakamakon bai wuce na canki-canka ba.

Masu sayar da na tsada su ka ce irin wannan gwaji na takura kunne, sai an zauna da na'ura wata da watanni ake sanin halin ta. Har yau ba a gama wannan gardama ba. Amma akwai abin da ya fito fili. Idan amfilifaya biyu masu lafiya ne, aka daidaita ƙarar su, ba a ƙure kowacce ba, bambancin su ƙanƙani ne ƙwarai. Inda babba ke nuna girman ta shi ne idan lasifika mai tauri ce, ɗaki babba ne, ko sauti ya tashi daga raɗa zuwa tsawa cikin ƙiftawar ido.

Silima ta dawo

Wa ya fi fim yin wannan tashin? A 1975 Sholay ya fito da sautin sitiriyo a faifan 70mm. A 1977 Star Wars ya yaɗa tsarin Dolby Stereo. George Lucas bai ji daɗin yadda silimu ke lalata sautin finafinan sa ba, don haka injiniyan sa Tomlinson Holman ya tsara ma'aunin THX, aka fara amfani da shi a 1983 da Return of the Jedi. Sai Dolby Digital ya zo da Batman Returns a 1992, DTS da Jurassic Park a 1993. Da faifan DVD ya kawo lasifika biyar da ta shida mai kauri cikin falo, manyan gidajen nan su ka koma ƙera amfilifaya mai ɓangare biyar ko bakwai. Ka yi tunanin rukunin A guda bakwai a ɗaki ɗaya, ai gidan burodi ka buɗe.

Wannan na cikin abin da ya buɗe wa rukunin D ƙofa. Shi tiransistan sa kunnawa da kashewa ya ke yi sau dubban ɗaruruwa a daƙiƙa, don haka kimanin kashi 90 cikin 100 na wutar na tafiya lasifika. Da farko raina shi aka yi, aka ce na mota ne da ƙananan rediyo. Wani injiniya ɗan Beljiyam, Bruno Putzeys, ya canza labarin, tun ya na Philips, zuwa tsarin Ncore a kamfanin Hypex, zuwa Purifi. Abin dariyar, makamin sa shi ne dabarar waiwayen nan da aka tsana a shekarun 1970, amma da yawa kuma cikin lissafi. A 2014 kuma kamfanin Benchmark ya fitar da AHB2, wat 100, da fasahar THX a cikin ta, kuma a ma'auni ta doke da yawa da su ka ninka ta kuɗi.

Tsada dai ba ta mutu ba. A 2014 ɗin Naim ya fitar da Statement, wat 746, daidai da ƙarfin doki ɗaya a lissafin injiniyoyi, a kan kimanin dala 240,000. Tsofaffin sunayen kuma sun koma hannun manya: Samsung ya sayi Harman, mai sunan Mark Levinson, a 2017, Bose kuma ya sayi McIntosh a 2024. Shi kan sa Levinson ya rabu da kamfanin tun a shekarun 1980, D'Agostino ma ya bar Krell a 2009 ya kafa wani da sunan sa. Don haka sunan da ke fuskar akwati ba lallai ne mai shi na ciki ba.

Abin da ya shafe ka

Na sani, ɗan'uwa, ba Statement za ka saya ba, ni ma haka. Amma tarihin nan na iya tsare maka kuɗin ka.

Idan ka ga akwati mara nauyi a kasuwa an rubuta wat 5,000 da haruffan PMPO a gefe, to irin zugar da Amurka ta yi wa doka ce tun 1974. Nemi ƙarfin da za ta riƙe a ɗore. Kuma ka sani, ninka wat sau biyu desibel 3 kawai ya ke ƙarawa, kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai wat ya ninka kusan sau goma. Lasifikar da ta fi wata da desibel 3 rabin wuta ta ke buƙata, sirrin wat 8 na tsohuwar silima kenan. Saboda haka fara da lasifika da ɗakin da za ka ajiye ta, amfilifaya ta biyo baya.

Kada kuma ka ɗauka ƙarama ba ta ɓarna. Idan ka ƙure ta, ta kan yanke kan sautin, kuma hakan na ƙona 'yar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Rukunin A kuwa, a zafin Afrilu da kuɗin man janareto, sai mai hali. AB ko D ya fi dacewa da mu. In ta gwanjo ce, duba ko ta Amurka ce mai cin wuta 120, domin tamu 230 ce, sannan a duba kafasitocin ta, su na bushewa da tsufa. In za ka gwada biyu a shago, ka sa a daidaita ƙarar su, ka juya baya, wani ya riƙa canzawa, domin wacce ta fi ƙara ko da kaɗan ce kullum ita ke kama da wacce ta fi daɗi.

Saura magana ɗaya ga furodusoshi da daraktocin mu. Amfilifaya mai kyau ba ta gyara sauti, faɗaɗa shi ta ke yi yadda ya zo. Idan an ɗauki magana da kukan janareto a bayan ta, ko waƙa ta tsage tun daga situdiyo, to Krell ma ƙara tona asirin za ta yi. Yanzu da 'yan kallo ke samun kayan sauti masu kyau cikin sauƙi, har a wayar hannu, kunnen su ya buɗe. Duk wanda zai kashe kuɗi a kan kyamara, ya tuna da mai riƙe makirfo.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.